Yadda Ma'aikacin Masana'anta Zai Karanta Allon Sa-ido Kan Injina Ya Kuma Yi Aiki Da Shi

Boris ɗin famfo ko na fanka ba kasafai yake ƙonewa farat ɗaya ba. Kafin kunnen bakanike ya ji ƙara, kafin tafin hannunsa ya ji zafi a jikin gidan boris ɗin, akan yi makonni, wani lokaci ma watanni, ƙarfen yana fitar da wata 'yar jijjiga wadda na'urar awo ce kaɗai ke iya kama ta. Tazarar da ke tsakanin ranar da aibi ya fara bayyana da ranar da injin zai tsaya cik ita ce abin da tsarin gyara bisa hasashe yake ƙoƙarin cin moriyarsa. Akan liƙa ƙananan na'urorin awo a jikin injina, su riƙa aika bayanan jijjiga da zafi da yawan wutar da injin ke ja zuwa ga kwamfuta, ita kuma ta baje su a kan allo, da lambobi da launuka da layukan da ke hawa da sauka. Wannan allo shi zan riƙa kira allon sa-ido, kuma bayanin da ke tafe na waɗanda aka ce su fara amfani da shi ne: mai sarrafa inji, bakanike, mai gyaran lantarki, da shugaban da ke raba musu aiki.

Ya kamata ma'aikaci ya fara sanin dalilin da ya sa ba a tsaya ga kalandar sabis kaɗai ba, domin wanda bai gamsu da dalilin ba ba zai daɗe yana duba allon ba. A shekarar 1978, injiniyoyi biyu na kamfanin jiragen sama na United Airlines, Stanley Nowlan da Howard Heap, sun miƙa wa Ma'aikatar Tsaron Amurka rahoto kan yadda sassan jirage ke lalacewa. Sun gano cewa kashi 11 cikin 100 ne kawai na sassan da suka bincika suke lalacewa bisa tsufa, ta yadda za a iya cewa bayan sa'o'i kaza a canja su. Sauran kashi 89 ba su da wa'adin da za a dogara da shi, kuma mafi yawansu, kashi 68, sun fi fuskantar haɗarin lalacewa ne jim kaɗan bayan an ɗaura su, ko an kwance su an mayar. Alƙaluman na sassan jirgi ne, ba na injinan masana'anta ba, amma duk bakaniken da ya taɓa buɗe injin da ke aiki lafiya don kawai lokacin sabis ya yi, ya mayar, sannan injin ya fara ba da matsala, ya san gaskiyar zancen.

A fara da jikin injin, ba da allon ba

Aikin farko ba a gaban kwamfuta yake ba. Ma'aikaci ya ɗauki jerin sunayen da ke kan allon, ya tafi wurin injinan, ya nemo kowace na'urar awo da idonsa. Ya tabbatar cewa wadda allo ya kira ta famfo na biyu a jikin famfo na biyu take, domin musanya suna lokacin ɗaura na'urori abu ne da ke faruwa, kuma sakamakonsa shi ne a kwance lafiyayyen inji a bar marar lafiya yana ta juyawa. Ya lura ko na'urar tana kan boris ɗin da ke ɓangaren mahaɗa ne, wato ƙarfen da ke haɗa injin da abin da yake juyawa, ko na baya, ya kuma lura da yadda ta fuskanta, ko a tsaye, ko a kwance, ko a kan tsawon shaf, saboda kowace fuska labari dabam take bayarwa. Ya duba yadda aka kafa ta: wadda aka ɗaure da noti a kan ƙarfe mai kauri ta fi wadda aka manna da maganaɗisu kama siririyar jijjiga, wadda kuwa aka ɗora a kan murfin fanka mai laushi motsin murfin take aunawa, ba na injin ba.

Akwai darasi mai nauyi game da wannan a tarihin masana'antu. A ranar 28 ga Maris, 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan da ke sanyaya tukunyar makamashin nukiliyar yana ta fita. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta sa sun ɗauka bawul ɗin a rufe yake, alhali abin da fitilar ke nunawa shi ne an aika masa umarnin ya rufe, ba wai ya rufu ba. Sun shafe fiye da sa'o'i biyu a kan wannan fahimta. Saboda haka kowace lamba da ke kan allo a tambaye ta: me ake aunawa a zahiri, a ina ake auna shi, kuma yaushe aka auna shi na ƙarshe? Tambaya ta ukun ana yawan mantawa da ita. Na'urorin da ke aiki da batir ba tare da waya ba sukan farka ne lokaci-lokaci, su yi awo, su aika, su koma barci, don haka koren da ake gani yanzu yana iya zama na sa'o'in da suka wuce, ko ma na makon jiya idan batir ya mutu. Layin da ya miƙe sambal na kwanaki, ba hawa ba sauka, a kan injin da ke aiki, abin tuhuma ne, domin babu injin da ke juyawa haka.

A san halin injin yana lafiya

Wanda bai san yadda inji yake ba yana lafiya ba zai gane lokacin da ya fara sauyawa ba. Makonnin farko bayan ɗaura na'urori lokacin koyo ne, ga ma'aikaci da kuma ga manhajar, wadda ita ma a wannan tsakani take tattara bayanan da za ta riƙa kwatantawa da su. Idan aka san injin yana da aibi tun kafin a fara, a sanar da mai saita tsarin, don kada manhajar ta ɗauki ciwo a matsayin lafiya.

Yawancin alluna suna nuna jijjiga da milimita a kowace daƙiƙa, kuma launukansu sukan samo asali daga ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta awon jijjigar injina mai suna ISO 10816, wadda jerin ISO 20816 ya gaje ta tun daga 2016. Ƙa'idar ta raba yanayin inji gida huɗu: A na sabon inji da aka kafa da kyau, B na wanda zai iya ci gaba da aiki ba tare da damuwa ba, C na wanda bai kamata ya daɗe a haka ba, D kuma na wanda jijjigarsa ta kai ta yi ɓarna. Ga matsakaicin inji mai ƙarfin kilowat 15 zuwa 300 da ke kan tsayayyen gindi, iyakokin da ke raba waɗannan gidaje huɗu su ne 1.4 da 2.8 da 4.5. Idan gindin mai sassauci ne, iyakokin sukan zama 2.3 da 4.5 da 7.1. Sanin waɗannan lambobi yana da amfani, amma a ganina ba su ne abu mafi muhimmanci a kan allon ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne alƙiblar layin. A ɗauka wani famfo ya yi watanni yana nuna 1.1, sai cikin makonni uku ya haura zuwa 2.3. Har yanzu allo zai iya nuna shi kore, tunda bai kai 2.8 ba, amma jijjigarsa ta ninka, kuma wani abu ne ya ninka ta. A gefe guda akwai fankar da ta shekara tana nuna 3.0 ba tare da ta motsa ba, launinta rawaya kullum. Famfon nan kore ya fi wannan fankar bukatar a je a duba shi yau. Wannan ne ya sa ya kamata ma'aikaci ya saba da buɗe zanen layin, ya faɗaɗa shi daga kwana ɗaya zuwa wata ɗaya zuwa wata uku, domin hawan da ba ya ganuwa a zanen yini guda yakan fito fili a zanen wata uku. Ya lura kuma ko hawan a hankali yake tafiya ko yana ƙara sauri, saboda layin da ya fara lanƙwasa sama yana nufin lokacin da ya rage yana ƙanƙancewa.

Sai dai a kwatanta abu da irinsa. Jijjiga da zafi suna bin nauyin aikin da aka ɗora wa inji da kuma gudunsa. Injin da ake sauya masa gudu zai nuna lambobi dabam-dabam a yini ɗaya ba tare da wani aibi ba. Famfon da ruwa ya yi masa ƙaranci, ko filtar da ke gabansa ta toshe, zai yi jijjiga da ƙara kamar yana niƙa tsakuwa, alhali boris ɗinsa lafiya lau yake, kuma maganin a wurin mai sarrafa inji yake ba a wurin bakanike ba. A nan ne mai sarrafa inji ya fi kowa amfani, domin shi ya san ƙarfe nawa aka ƙara lodi, da lokacin da aka sauya kayan da ake sarrafawa, da ranar da aka wanke tanki.

Zafi kuwa yana zuwa a makare idan zancen boris ake yi: kafin ya tashi sosai, ɓarna ta riga ta yi nisa. Yakan kuma tashi na ɗan lokaci bayan an sa giris, ya sauka da kansa, kuma cika giris fiye da kima shi kansa yana ɗumama boris. Ga kwayil ɗin injin lantarki kuma, masu sana'ar suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka tsara wa rufin wayar yana rage rabin tsawon rayuwarsa. Saboda haka ɗan ƙarin zafin da ya ɗore, wanda sau da yawa ƙurar da ta toshe hanyar iska ce ke jawo shi, ba abin rainawa ba ne.

Wasu alluna suna da shafi na biyu da ke rarraba jijjiga bisa saurin bugunta. Ba dole ne kowane ma'aikaci ya ƙware a kansa ba, amma sanin tushensa yana sauƙaƙa magana da ƙwararru. Injin lantarki da ke juyawa kusan sau 1,480 a minti yana yin kusan juyi 25 a daƙiƙa. Idan tsinin zanen ya tashi daidai wannan wuri, galibi rashin daidaiton nauyi ne, kamar datti ya taru a gefe ɗaya na fuka-fukin fanka. Idan ya tashi a ninki biyu, tare da jijjiga a kan tsawon shaf, akan zargi rashin saitin mahaɗa tsakanin injin da abin da yake juyawa. Idan tsinaye suka jeru a ninki biyu da uku da huɗu, akan duba noti ko gindi ko wani abu da ya saki. Matsalar lantarki takan fito a ninki biyu na bugun wutar, wato 100 inda wuta ke bugu 50 a daƙiƙa, ko 120 inda take bugu 60. Ciwon boris a farkonsa yana can sama, inda awon milimita ba ya cika kama shi, shi ya sa alluna da yawa suke da lamba ta biyu ta musamman saboda boris. Yanke hukunci na ƙarshe aikin mai nazarin jijjiga ne, sana'ar da ƙa'idar ISO 18436-2 ta raba horonta mataki huɗu.

Idan gargaɗi ya fito

Kada a danna alamar an gani a wuce, kada kuma a ruga a kashe inji sai in akwai haɗari ga mutane ko ɓarna tana gab da aukuwa. A fara buɗe zanen a ga yadda abin ya faro. Tsalle guda da ya tashi ya koma daidai yana iya zama bugun guduma a kusa, ko tayar da inji, ko waya ta motsa. Hawan da ya ɗore, musamman idan na'urori biyu a inji ɗaya sun nuna shi, ko jijjiga da zafi sun tashi tare, ya fi kama da gaskiya. Sannan a tambayi abin da ya sauya a kwanakin: an sa giris, an canja bel, an taɓa mahaɗa, an ƙara lodi?

Daga nan sai a tafi wurin injin, domin gani ya kori ji. A saurara, a duba yoyon mai, a duba notin gindi, a duba ko na'urar awon ta saki ko wayarta ta goge. Idan akwai ma'aunin jijjiga na hannu ko kyamarar zafi, a sake awo don tabbatarwa. Duk wannan ana yin sa ne daga wajen shingen kariya. Duk aikin da zai sa hannu ya kusanci abin da ke juyawa sai an kashe wuta daga tushenta, an sa kwaɗo da katin gargaɗi, an kuma gwada an tabbatar injin ba zai tashi ba. Allon sa-ido ba makunni ba ne, kuma ganin jijjiga ta koma sifili a kansa ba shaidar an cire wuta ba ce. Ina jaddada wannan ne saboda mutumin da ya saba yarda da allo yana iya yarda da shi a inda bai kamata ba.

Idan an tabbatar akwai aibi, tambayar da ta rage ta lokaci ce, kuma nan ne ribar tsarin take. A buɗe takardar aiki, a tambayi mai kula da sito ko akwai boris ɗin ko sai an yi oda, a zauna da masu tsara aikin sarrafawa a zaɓi ranar tsayar da inji, a kuma ƙara yawan duba shi kafin ranar ta zo. Wasu manhajoji sukan rubuta cewa saura kwana kaza injin ya lalace. A ɗauki wannan a matsayin ƙiyasi da aka gina kan zaton cewa gobe za ta yi kama da jiya, wanda ƙarin lodi na yini ɗaya zai iya rushewa.

A rubuta abin da aka tarar

Wannan shi ne sashen da aka fi sakaci da shi, kuma a ganina shi ne ke raba masana'antar da allon ya yi wa amfani da wadda ya zame wa ado a bango. Kowane gargaɗi ya ƙare da rubutu: an je, ga abin da aka gani, ga abin da aka yi. Rubutun “an gyara” bai wadatar ba. A ce an buɗe boris na wajen mahaɗa, an tarar zoben waje ya fara ɓarewa, giris ya yi baƙi, an sa sabo. Idan ba a tarar da komai ba, a rubuta haka nan ba tare da jin nauyi ba, domin da wannan bayani ne injiniya zai gyara iyakar da aka sa ƙasa da kima, kuma da shi ne manhajar da ke koyo daga bayanai za ta bambance ciwo na gaske da hayaniya. Haka nan idan inji ya lalace allo bai ce komai ba, a rubuta, a koma a duba zanen kwanakin da suka gabata, a ga ko alamar tana nan ba a lura ba, ko kuwa irin aibin da na'urar ba ta iya kamawa ne. A ajiye hoton boris ɗin da aka cire kusa da zanen da ya sa aka cire shi. Babu horon da ya kai wannan saurin koya wa sabon ma'aikaci ma'anar layin da yake gani.

Yawan gargaɗi kuwa yana kashe kunnen mai saurare. A ranar 24 ga Yuli, 1994, matatar mai ta Texaco da ke Milford Haven a yankin Wales ta yi bindiga, mutum 26 suka ji rauni, kuma binciken hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ya nuna cewa a mintuna 11 na ƙarshe ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275. Jagoran tsara ƙararrawa mai suna EEMUA 191, wanda wata ƙungiyar masana'antu ta Birtaniya ta fitar a 1999, ya ba da shawarar kada ƙararrawa ta wuce kusan ɗaya a kowane minti goma idan aiki na tafiya daidai. Waɗannan na ɗakin sarrafa matata ne, amma ciwon ɗaya ne a allon sa-ido: idan injina goma sha biyu suna ja tun watan jiya, na goma sha uku ba zai ja hankalin kowa ba. Maganin ba shi ne ma'aikaci ya kashe sanarwa a wayarsa a ɓoye ba. Ya kai jerin gargaɗin da ke yawan maimaituwa ga mai alhakin tsarin, a duba su ɗaya bayan ɗaya, a gyara wanda yake na gaske, a sake saita wanda ba na gaske ba, a rubuta dalili da sunan wanda ya amince.

Abin da ya rataya a wuyan shugabanni

Ma'aikata ba sa rungumar allo don an yi musu taron yini guda. Sukan rungume shi ne ranar da ya nuna wani abu, aka buɗe inji, aka tarar da shi kamar yadda ya faɗa. Saboda haka a fara da injina kaɗan, waɗanda tsayawarsu ke tsayar da layi gaba ɗaya kuma aka san irin ciwon da suka saba yi, a bar tsofaffin kanikawa su zaɓe su, su kuma nuna inda za a ɗaura na'urori. Mutumin da ya shekara ashirin yana gane ciwon giya da kunne ba kishiyar allon ba ne, kuma idan ya ce yana jin wani abu alhali allo kore ne, a rubuta maganarsa a matsayin gargaɗi cikakke. Tsarin kula da inji da ya bunƙasa a Japan, wanda Seiichi Nakajima ya yaɗa kuma kamfanin Nippondenso ya yi fice da shi a 1971, an gina shi ne kan cewa mai sarrafa inji shi ne farkon mai kula da lafiyarsa, ta hanyar sharewa da dubawa da sa mai. Allon yana ƙara wa wannan mutum ido ne, don haka a ba shi damar buɗe shi a inda yake aiki, kada a kulle shi a ofishin injiniya.

Dole kuma a faɗa wa ma'aikata a fili abin da ake yi da bayanan. Ranar da aka fara amfani da zanen wajen neman wanda za a hukunta, ranar ce rubutun gaskiya zai tsaya, kowa ya koma rubuta abin da zai kare shi. Kowane inji ya zama yana da wanda aka san shi ke duba zanensa, da wa'adin da za a amsa gargaɗi a cikinsa, kuma lokacin miƙa aiki mai fita da mai shiga su tsaya tare a gaban allon na 'yan mintuna, su duba injinan da layinsu ke hawa da takardun aikin da ba a rufe ba.

Bayan kowane gyara a koma kan allon kafin a rufe takardar aiki. Idan jijjigar ta sauka zuwa inda take a da, ko ƙasa da haka, an taɓa ainihin ciwon. Idan ba ta sauka ba, ko ta ƙaru, to ko dai ba boris ɗin ne tushen matsalar ba, ko kuwa an yi kuskure wajen ɗaurawa, kamar a buga sabon boris da guduma ko a mayar da mahaɗa ba tare da saiti ba. A sa alama a kan zanen daidai ranar gyaran, a bar injin ya yi 'yan kwanaki da lodinsa na yau da kullum, sannan a nemi mai kula da tsarin ya ɗauki sababbin lambobin a matsayin ma'aunin da za a riƙa kwatantawa da shi.